Ciyawar da Firmin Ya Kwashe

Sauvanac, 6 ga Yuni, 1971

Zuwa ga ƙanena Gratien,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, ko kana kan ruwa ko kun sauka tudu. Ina fata tarin da ka tafi da shi a watan Maris ya sake ka. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu da ke yi mini ƙorafi duk lokacin da za a yi ruwa. Madam Eulalie mai shago tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu ba ka sami matar da za ta jure warin man inji ba.

Kada hankalinka ya tashi da abin da zan gaya maka, domin mai wuyar ya riga ya wuce. Baba ya faɗo daga tsani ranar 26 ga Mayu, kashegarin da aka hau da shanu kan tudu. Rufin rumbun ciyawarmu yana yoyo tun hunturu. Na ce masa ya bari a kira mai gyara, ya ce tun kafin a haife ni yake hawa wannan tsanin. Ƙashin ƙugunsa ne ya karye. An kai shi asibitin birni, an yi masa aiki, an sa ƙarfe. Likita ya ce zai taka, amma ba kafin kaka ba. Yana can yana faɗa da masu jinya a kan miya, wai ruwan wanke-wanke suke ba shi. Da na ji haka na san da sauƙi.

Abin da ya dame ni shi ne ciyawa. Fadamar ƙasa ta yi kyau bana, ta kai ƙugun mutum. In ba a yanke ta an shanya an adana kafin tsakiyar Yuli ba, shanunmu za su sauko a Oktoba su tarar ba abin da za su ci har hunturu ya wuce, sai dai a sayar da su. Ka san Baba. In ya dawo ya ga turke wayam, ƙafar ma ba zai yi marmarin takawa ba. Ni kaɗai ba zan iya da injin yanka ba, dokin kuma ya tsufa.

Garin nan ka san halinsa. Mu casa'in da ɗaya muka rage tun da iyalin malamin makaranta suka tashi. Kowa ya ji labari, amma ba wanda ya zo ya ce mini sannu. Sai dai in buɗe ƙofa da safe in tarar da ƙwai a kwando, ko burodi mai zafi, ban san wanda ya ajiye ba. In na fito daga coci, tsofaffin da ke zama kan benci a dandali su ce, "Honorine, bana za a yi zafi." In ce, "Za a yi." Jajen ke nan.

Maƙwabcinmu Firmin Cayrol ya sayi jar tarakta a watan Afrilu. Kwanakin nan kullum da safe sai in hango shi a ƙetaren rafi, ya tsaya yana kallon fadamarmu. Ba ya cewa komai. To, me zai ce? Shekara ashirin da biyu ke nan gidanmu da nasu ba magana, tun shekarar fari da mahaifinsa ya toshe mana idon ruwa, Baba ya ɗaga shi ya jefa cikin komin shanu. Tun da matarsa ta rasu kuwa, shirun nasa ya ƙaru.

Ban rubuto don ka baro aikinka ba. Na rubuto ne don kada ka ji a bakin wani. Ka riƙa sa rigar sanyi a kan jirgi.

Ni ce yayarka,
Honorine

*

Marseille, 16 ga Yuni, 1971

Zuwa ga Yaya Honorine,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Baba da gwiwarki, ina sanar da ke lafiyata lau. Tarin ya tafi tun a Afrilu. Ki ce wa Madam Eulalie da ta jira ni shekara arba'in da tuni maganar ta ƙare.

Wasiƙarki ta same ni jiya a ofishin kamfani. Na karanta ta a tsaye, sai da na nemi wuri na zauna. Na je wurin babban injiniya na roƙi hutun mako biyu, ya ce mu biyu ne kaɗai muka san injin nan, ɗayan kuma yana kwance da zazzaɓi. Gobe da safe za mu tashi zuwa Dakar, daga can mu bi gaɓa har Douala. Ba za mu dawo ba sai ƙarshen Oktoba. Ki ci gaba da aiko da wasiƙu ta ofis, suna tura mana su tashar da za mu tsaya, amma sukan yi nawa.

Ki je wurin magajin gari ki gaya masa maganar ciyawar baki da baki. Na san ba kya son roƙo, amma ki daure.

Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba a wasiƙarki, wato tsayuwar nan ta Firmin a bakin rafi. Yaya, ina ɗan shekara goma aka yi faɗan ruwan nan, amma ban manta da abin da tsohon Cayrol ya faɗa ba lokacin da aka tsamo shi daga komi. Ya ce wata rana fadamar ƙasa za ta zama tasu. Yanzu ga Baba a kwance, ga ni a nesa, ga ɗansa da sabuwar tarakta. Ki sa ido. Kada ki sa hannu a kowace takarda da wani zai kawo miki.

Ki gaishe da Baba, ki ce masa ya sha miyar ko ba daɗi.

Ƙanenki,
Gratien

*

Sauvanac, 8 ga Yuli, 1971

Gratien,

Gaisuwa a gurguje. Muna lafiya. Baba ya dawo gida ranar Asabar, an ajiye masa gado kusa da tagar ɗakin girki.

Léonce mai kai wasiƙu yana tsaye a bakin ƙofa yana jira, ga tukunya a wuta, saboda haka ba zan tsawaita ba. Shekaranjiya Talata Firmin ya shiga fadamar ƙasa da taraktarsa. Bai tambayi kowa ba. Ya yanke ta tas tun daga bakin rafi har katanga. Yau yana kwashewa yana kaiwa rumbunsa. Rabin gari na can suna taya shi, har magajin gari yana kan amalanke. Baba yana kallo ta taga, sai na ga hawaye na zuba masa. Tun rasuwar Mama ban ga haka ba. Ban taɓa zaton zan ga wannan rana ba.

Zan rubuto maka sauran in na sami kaina.

Honorine

*

Dakar, 25 ga Yuli, 1971

Zuwa ga Yaya Honorine,

Ina gaishe ku, ina kuma fata Allah ya ba Baba ƙarfin jure abin da aka yi masa. Ni jikina lafiya, amma tun da na karanta wasiƙarki abinci ya ƙi shiga.

Ba na gaya miki ba? Ya jira sai da tsoho ya karye, sannan ya shigo da rana tsaka, a gaban idonsa. Abin da ya fi ƙona mini rai ma ba Firmin ba ne, shi jininsa ne. Mutanen gari ne. Wace gona ce a Sauvanac Baba bai shiga da laujensa ba? Wace saniya ce ta wahala wajen haihuwa ba a aiko an kira shi ba? Shi magajin gari, wa ya ɗauko masa uwarsa a kan amalanke cikin ƙanƙara zuwa wurin likita? Ashe ƙwan da ake ajiye miki a bakin ƙofa na rufe baki ne.

Kin ce za ki rubuto sauran. An kawo buhun wasiƙu sau biyu tun zuwanmu, ban ga komai ba. Shirun nan naki ya fi wasiƙar tsoratar da ni. Ko Baba ya sake kwanciya ne kike ɓoye mini?

Ga abin da na yi. Na rubuta wa Firmin da kaina, shafi biyu, na sa ta a akwati ɗaya da wannan. Na gaya masa shi ɓarawo ne ɗan ɓarawo. Na ce ubansa ya saci ruwa, shi kuma ya saci ciyawar gurgu. Na ce ko Allah bai ba shi 'ya'ya ba ne don kada irin ya yaɗu. Na ce mu haɗu a kotu. Ban yi nadamar ko kalma ɗaya ba.

Na kuma miƙa wa babban injiniya takardar barin aiki. Ya ce ba zai iya sallamata a nan ba, sai mun isa Douala an sami wanda zai maye gurbina. Daga can zan nemi jirgin da zai dawo da ni. Shekara tara na yi a wannan aiki, saura kaɗan a ƙara mini girma, amma ya tafi. Kada ki yi magana da kowa a garin nan sai na zo.

Ƙanenki,
Gratien

*

Sauvanac, 8 ga Agusta, 1971

Zuwa ga ƙanena Gratien,

Ina gaishe ka, ina kuma roƙon Allah takardar nan ta riga jirginku isa Douala. Baba yana lafiya, yana ci, yana faɗa, jiya ma ya tsaya da ƙafafunsa yana riƙe da kujera. Ni ma lafiya. Ka fara da sanin wannan, sannan ka zauna ka karanta sauran a hankali, ba a tsaye ba.

Ba wanda ya saci komai. Ciyawarmu tana nan, busasshiya, kore shar, ta ishi shanu har bazara. Laifina ne. Na yi ta ƙoƙarin tuna abin da na rubuta maka ranar nan, da na tuna sai na rufe fuskata da tsumman goge kwano. Tukunyar da na ce tana wuta, dankali ne da cuku nake tuƙa wa mutum ashirin da uku da suka zo taimakonmu. Na yi niyyar rubuto maka bayani kashegari, sai yau, sai gobe, ga jinya, ga lambu, har wata ya wuce.

Ga yadda aka yi. Ranar Talatar, da na ji ƙarar inji a fadama, na sauka da gudu ko takalmi ban sauya ba. Firmin ya gan ni, ya kashe tarakta, amma bai sauko ba.

Na ce, "Firmin, wa ya sa ka?"

Ya ce, "Ciyawar. Ta nuna."

Na ce, "Baba bai sani ba."

Ya ce, "Ai ba ma magana da shi." Ya tayar da injinsa ya ci gaba.

Ranar Alhamis hadari ya haɗu ta yamma. Ban kira kowa ba, Firmin ma bai kira ba. Kawai sai na ga mutane suna gangarowa da manjagara a kafaɗa, kowa yana yi kamar hanya ce ta biyo da shi. Fada, limamin cocinmu, ya naɗe hannun riga ya shiga sahu. Madam Eulalie ta rufe shago, abin da ba ta yi ba ko ranar jana'izar mijinta. Da aka cika amalanke ta farko, magajin gari ya leƙa rumbunmu ya ga sararin sama ta cikin rufi, ya ce, "A nan za ta ruɓe." Shi ne Firmin ya ce a kai nasa. Ya ja layi da alli a jikin ginshiƙi, ya ce daga nan zuwa bango na gidan Anselme ne, wato na Baba.

Abin da ban sani ba sai daga baya, nasa filin na sama ma a yanke yake a ranar, a shanye. Ya bar shi ya kwashe namu. Ruwan ya sauko da la'asar, kwana biyu ana yi, kusan rabin tasa ciyawar ta yi baƙi.

Kukan Baba kuwa, ina tsaye kusa da shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗan Cayrol ne wancan?" Na ce shi ne. Ya ce, "Yana yanka ƙasa-ƙasa yadda ya kamata. Ubansa bai iya ba." Sai ya juya fuska ga bango, ya ce hayaƙin murhu ne ya shiga masa ido.

Yanzu maganar wasiƙarka. Duk biyun sun iso ranar Laraba. Na karanta tawa a bakin ƙofa. Na tambayi Léonce ko ya riga ya kai ta Firmin, ya ce tun ɗazu, ai gidansa ne farko a hanya. Ina nan ina tunanin ko in ruga in faɗi a gabansa in ba shi haƙuri, sai ga Firmin ya tsallako rafi, takardar a hannu. Wannan ne karo na farko da ya taka tsakar gidanmu tun yana saurayi.

Ya ce, "Honorine, tabarau ɗina ya karye. Ga wasiƙa daga ƙasar waje, ki duba mini."

Na karɓa. Baba yana ciki, taga a buɗe, ka san kunnensa bai karye ba. Na buɗe na ga rubutunka, kalmar farko da idona ya faɗa a kai ita ce ɓarawo. Gratien, ban taɓa yin ƙarya irin ta ranar nan ba, kuma har yau ban je na gaya wa Fada ba.

Na ce, "Daga ƙanena ce. Yana gaishe ka. Ya ce ya ji abin da ka yi a fadamarmu, ba zai manta ba muddin ransa."

Ya ce, "To." Sannan ya ce, "Na ga kamar shafi biyu ne."

Na ce, "Sauran labarin teku ne."

Ya ce, "A karanta mini labarin tekun. Ban taɓa ganinsa ba."

Ni ma ka san ban taɓa gani ba. Haka na tsaya ina bin zaginka da yatsa layi-layi ina ƙirƙiro raƙuman ruwa masu tsayin hasumiyar coci. Inda ka ce ubansa ya saci ruwa, na ce kun ga kifin da ya fi rumbunsa girma. Inda ka yi maganar 'ya'ya, na tsallake, na ce rubutun ne ya cuɗe a nan. Da na gama ya ce, "Yaron ya iya rubutu." Ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihu. Na so in riƙe ta, amma ban sami dalilin da zan ba shi ba.

Ba zan yi maka faɗa ba, ni na jawo. Amma maganar 'ya'yan nan ba ta dace da kai ba. Sau uku matarsa tana binne jariri.

Abu biyu nake so. Ka je ka karɓo takardarka ta barin aiki tun ba ta yi nisa ba. Sannan ka rubuto wa Firmin godiya, gajera, kada ka ba shi haƙuri, domin in ka ba shi zai tambayi dalili.

Yayarka,
Honorine

*

Douala, 30 ga Agusta, 1971

Zuwa ga Yaya Honorine,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Baba. Lafiyata ƙalau, yau na ci abinci kwano biyu.

Wasiƙarki ta riga mu isowa da kwana huɗu, wakilin kamfani ya hau da ita jirgi. Na bi maganarki na zauna kafin in buɗe. Da na kai wurin layin alli, na ajiye ta na fita na tsaya a bakin jirgi, na daɗe ban iya komawa ba. Wata guda ina kwana ina tashi da ƙiyayyar garin da aka haife ni. Yau ji nake kamar an sauke mini buhun siminti daga kafaɗa, sai dai kunya ta hau wurin ta zauna.

Na je wurin babban injiniya ina ta kame-kame. Bai bari na gama ba, ya jawo aljihun teburinsa ya miƙo mini takardata yadda na ba shi. Ya ce shekara talatin yana kan ruwa, bai taɓa tura takardar da mutum ya rubuta ranar da ya karɓi wasiƙa daga gida ba. Aikina yana nan.

Ga godiyar Firmin na haɗo a ciki. Sau biyar ina rubutawa ina yagawa. Maganar 'ya'yan nan ba za ta bar ni ba, ko shi bai ji ba ni na san na rubuta. In da hali ki san yadda za ki raba shi da waccan takardar kafin a gyara masa tabarau.

Yaya, kin ba ni dariya da kifinki. Amma ina da tambaya. A garin akwai Fada, akwai magajin gari, akwai Léonce da ya miƙa masa wasiƙar da hannunsa. Duk sun iya karatu. Me ya sa sai da ya tsallako rafi?

Ki gaishe da Baba. Ki gaishe da mutanen benci ɗaya bayan ɗaya, kada ki gaya musu dalili.

Ƙanenki,
Gratien

*

Sauvanac, 19 ga Satumba, 1971

Zuwa ga ƙanena Gratien,

Gaisuwa mai yawa. Mun ji daɗin labarin aikinka, na kunna kyandir a coci saboda injiniyan nan naku. Gwiwata da sauƙi. Baba yana tafiya da sanda biyu, ya ce ɗaya ta isa, likita ya ce biyu, ni kuma na ɓoye tsani.

Na karanta wa Firmin godiyarka. Wannan karon abin da ke rubuce na karanta, har na ji wani iri. Tabarau ɗin har yanzu yana wurin mai gyara a birni. Kusan kullum sai ya zo da takarda, yau sanarwar allurar shanu, gobe littafin tallan iri. Ranar nan takardar bayanin man tarakta ya kawo, na karanta masa har ƙarshe. Kada ka yi mini dariya.

Lahadin da ta wuce, bayan coci, Baba ya ce zai je ya ga ciyawarsa. Na ce rafi fa? Ya ce katakon da aka gindaya ya san shi. Muka kama hanya, tafiyar minti biyar muka yi ta a rabin sa'a. Mutanen benci duk suka juyo suna kallo. Firmin ya fito ya tsaya a ƙofar rumbu, hula a hannu.

Baba ya wuce shi, ya cusa hannu cikin ciyawar har gwiwar hannu, ya zaro ya shinshina. Ya ce, "Ta bushe."

Firmin ya ce, "Ta bushe."

Baba ya dubi ɗaya ɓangaren layin allin, ya ce, "Taka ba za ta kai ka Fabrairu ba. Ka ɗiba daga tamu."

"Ba na bukata, Baba Anselme."

"Ban tambaye ka ba."

Can sai Baba ya ce, "Ubanka yana da nauyi. Kwana uku bayana na ciwo." Firmin ya yi dariya har da riƙe ginshiƙi. Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar.

Ya shigar da mu ciki ya zuba ruwan inabi. Ya yi ta juya kofinsa a kan tebur, sannan ya ce, "Baba Anselme, akwai wata magana game da Honorine."

Baba ya ce, "Shekararta arba'in da huɗu, ga ta nan zaune, tana da baki. Ni dai abin da na sani, ba mai dafa mini miya sai ita."

Firmin ya ce, "Rafi ne kawai a tsakani. Zan cire katakon in yi gada."

Sai suka juyo gare ni su biyun. Gratien, na yi jinyar Mama shekara bakwai, na riƙe gida bayanta, na daɗe da cire wannan tunanin daga raina. Na ce, "A yi gadar da faɗi, saboda sandunan Baba." Wai ashe amsa ke nan. Kafin mu tsallako gida, Madam Eulalie ta riga ta sani.

An sa ranar 13 ga Nuwamba, bayan shanu sun sauko, kai ma ka dawo. Farin ciki nake yi, har ina jin kunyar yawansa. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Ban iya raba shi da takardar nan ba, ban ma san inda ya ajiye ta ba. Kuma ba na so in shiga gidan mutum da ƙarya a bakina. In na gaya masa, kai zan tona. In na yi shiru, wata rana tabarau zai dawo. Ka gaya mini yadda ka gani.

Yayarka,
Honorine

*

Sauvanac, 26 ga Satumba, 1971

Zuwa ga Gratien,

Ina gaishe ka. Ina lafiya. Babanka yana lafiya, jiya ya zo ya nuna mini cewa ban iya kafa ginshiƙin gada ba. Yayarka tana lafiya. Léonce ne ya ba ni adireshin kamfaninku.

Ban saba rubuta wasiƙa ba, don haka zan faɗi abin da ya kawo ni. Ba ni da tabarau, ban taɓa yi ba. Wasiƙarka ta Dakar na karanta ta a bakin ƙofata sau biyu kafin in tsallaka rafi. Na je ne da niyyar in ajiye ta a gaban yayarka in ce mata ku zo ku kwashe ciyawarku. Da na ga fuskarta sai na kasa, maganar tabarau ce ta fara zo mini a baki.

Ta tsaya a rana tana karanta mini abin da babu shi a takardar. Shekarata hamsin da ɗaya, ba a taɓa yin ƙarya don a kare ni ba. Kafin ta kai ƙarshen shafi na biyu na san abin da nake so.

Kwanakin nan na lura tana buɗe baki za ta gaya mini wani abu, sai ta fasa. Jiya da rana na ɗauki jarida na karanta mata hasashen yanayi da ƙarfi, har da ƙananan rubutun da ke ƙasa. Ta jefe ni da dankali. Daga baya ta yi kuka, sannan ta yi dariya. Maganar ta ƙare a nan, ba sai ka ba ta shawara ba.

Takardarka na sa ta a murhu tun a watan Agusta. Maganar ruwa gaskiya ce, ubana ya toshe shi, ina wurin, ni na riƙe masa shebur. Ɗaya maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Amma da ni ne a tsakiyar teku aka rubuto mini cewa ubana yana kuka a bakin taga, abin da zan rubuta sai ya fi naka muni.

Ranar 13 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe. Ba ni da ɗan'uwa namiji. Ina so kai ka tsaya mini shaida.

Firmin Cayrol